Yadda ake aiki da karkatattun haruffa masu gwaɓi da faffaɗar dunduniya a fosta da allon talla

A cikin ɗaruruwan nau'o'in haruffa da ke cikin kwamfutar mai tsara fosta, akwai wani rukuni da ake ajiye wa aiki guda, wato jawo ido daga nesa. Su ne haruffa masu gwaɓi, waɗanda kowace sandarsu take ƙarewa da faffaɗar dunduniya mai kusurwa, sannan aka karkatar da su zuwa dama irin na rubutun tsutsa. Masu sana'ar suna kiran dangin nan silab sarif. Ana ganinsu a kanun mujallu, da fostar wasanni, da kwalin kaya, da allon shago. Gwaɓin yana ba su nauyi, dunduniyar tana dasa su a kan layi, karkatar kuma tana sa su yi kamar suna tafiya gaba da sauri. Haɗuwar waɗannan abubuwa uku ce ta sa suke da ƙarfi, ita ce kuma take sa aiki ya lalace nan da nan idan aka yi amfani da su barkatai.

Inda suka samo asali

Talla ce ta haife su. A farkon ƙarni na 19, yayin da masana'antu suka yawaita a Ingila, masu kaya da masu gidajen wasa da masu tikitin caca sun buƙaci rubutun da za a manna a bango a karanta shi daga tsallaken titi. Haruffan buga littattafai na lokacin sirara ne, ba su iya wannan aiki. Vincent Figgins, wani mai zuba haruffan ƙarfe a Landan, ya nuna samfurin farko a kundinsa mai ɗauke da shekarar 1815, ya sa masa suna Antique. Wasu kamfanonin suka riƙa kiran irinsa da sunan Masar, saboda a lokacin Turai ta kamu da sha'awar duk wani abu na ƙasar bayan yaƙin da Napoleon ya kai can a 1798, ko da yake haruffan ba su da wata alaƙa da rubutun Masarawa.

A 1845 Robert Besley na kamfanin Fann Street a Landan ya fitar da Clarendon, wanda dunduniyarsa take haɗuwa da sanda ta hanyar ɗan lanƙwasa mai laushi. A Amurka kuma haruffan katako ne suka ba dangin girma: Darius Wells ya fitar da kundinsa a New York a 1828, kuma da na'urarsa ta sassaƙa aka samu damar yin manyan haruffan da ƙarfe ba zai iya ba saboda nauyi da tsada. Bayan shekaru ɗari sai aka sake fasalinsu da ma'aunin da'ira da miƙaƙƙen layi: Memphis na Rudolf Wolf a Jamus a 1929, Stymie na Morris Fuller Benton a 1931, da Rockwell na kamfanin Monotype a 1934. Shi kuwa rubutun tsutsa ya girme su nesa ba kusa ba, domin tun 1501 Aldus Manutius ya fara buga littafi da shi a Venis, da haruffan da Francesco Griffo ya sassaƙa.

Abin da mai tsara fosta zai riƙe daga wannan tarihi shi ne, da yawa daga cikin tsofaffin fon, wato nau'o'in haruffa, na dangin nan an yi su ne a tsaye kawai. Clarendon na asali ba shi da karkatacce, sai daga baya aka samu irinsa masu shi, kamar Egizio na Aldo Novarese a 1955 da Sentinel na kamfanin Hoefler & Frere-Jones a 2009. Saboda haka samun karkatacce mai gwaɓi na gaskiya yana buƙatar bincike.

Aikin da ya dace da su

Ka ɗauke su kamar mai shela a kasuwa: aikinsa ya ɗaga murya ya faɗi magana ɗaya gajera, sai jama'a su matso su ji bayani daga bakin wani. Kalma biyu zuwa biyar ita ce iyakarsu. Sunan gasa, sunan kaya, farashi, ranar taro, kan babban labari, waɗannan su ne wurarensu. Da zarar jimla ta kai layi uku, kaurin sandunan ya cika shafi da baƙi, ido ya gaji kafin ya kai ƙarshe.

Yanayin saƙon ma abin dubawa ne. Karkata tana nuna hanzari da kuzari, shi ya sa suke dacewa da ƙwallon ƙafa, da dambe, da tseren keke, da tallar rangwame, da kamfanin jigila, da gidan abinci. Sanarwar rasuwa, da takardar shaidar kammala karatu, da allon asibiti, da katin ɗaurin aure na dattako suna son harafi mai natsuwa wanda yake tsaye. Idan ka rubuta sanarwar ta'aziyya da harafin da ke gudu, mai karatu zai ji wani abu bai daidaita ba ko da bai san dalili ba.

Yadda ake zaɓen fon

Da farko ka duba wane reshe na dangin kake so. Reshe na farko shi ne mai tsantsar kusurwa, inda dunduniya take haɗuwa da sanda kai tsaye kuma kaurinsu kusan ɗaya ne, kamar Rockwell da Memphis da ITC Lubalin Graph na Herb Lubalin na 1974. Waɗannan suna da kamannin inji da ƙarfe, sun dace da kayan gini, da gareji, da wasanni. Reshe na biyu shi ne irin Clarendon, mai lanƙwasa a mahaɗa da ɗan bambanci tsakanin sanda mai kauri da siririya. Ya fi sakin fuska, ya dace da kayan abinci da bangon littafi. Na uku su ne na zamani waɗanda aka gina a kan motsin hannun marubuci, kamar Adelle na kamfanin TypeTogether na 2009 da Guardian Egyptian, wanda Paul Barnes da Christian Schwartz suka zana wa jaridar The Guardian ta Birtaniya a 2005. Jaridu da mujallu sun fi son waɗannan saboda suna karantuwa a girma daban-daban.

Wanda ba shi da kuɗin sayen lasisi zai iya duba rumbun Google Fonts, inda ake samun Zilla Slab, wanda kamfanin Typotheque ya zana wa Mozilla a 2017, da Arvo, da Aleo, da Bitter, dukkansu da karkatacce mai gwaɓi. Akwai kuma sanannu guda biyu a rumbun, Roboto Slab da Alfa Slab One, waɗanda ba su da karkatacce ko kaɗan. Haka Rockwell Extra Bold da ke zuwa da Microsoft Office: Rockwell yana da karkatacce a matakin Bold, amma Extra Bold ɗinsa a tsaye kaɗai aka zana shi.

Kafin ka yanke shawara, rubuta ainihin kalmomin da za su hau fostar da fon uku ko huɗu, ka jera su, ka ja da baya. Duba ramukan da ke cikin a da e da g. A fon mai kyau, komai gwaɓinsa, ramukan suna nan a buɗe. Idan sun zama ƴan tsaguwa tun a fuskar kwamfuta, tawada za ta toshe su a takarda.

Karkatacce na gaskiya da na dole

Nan ne aka fi samun kuskure. Idan ka danna maɓallin karkatarwa a Word alhali fon ɗin ba shi da nasa karkataccen, manhajar za ta tura haruffan tsaye gefe da ƙarfi. Haka ma idan ka ja rubutu ta gefe a CorelDRAW. Sakamakon yana ɓata siffa: da'irar O tana komawa kamar an matse ta, wani gefe ya yi kauri wani ya sirance, sandunan tsaye su rame alhali dunduniya tana nan da kaurinta, S kuma ta rasa daidaito. A siririn harafi ana iya kau da kai, amma a mai gwaɓi wanda ya kai girman tafin hannu kowa zai gani.

Karkatacce na gaskiya mai zane ne ya zauna ya sake shi harafi bayan harafi. Iri biyu ne. Akwai wanda siffofinsa suke canzawa su koma irin na rubutun hannu: a ta zama mai ciki ɗaya, f ta kan sauko ƙasa da layi, ƙafafun n da m su ƙare da ɗan lanƙwasa maimakon dunduniya. Akwai kuma wanda siffar take nan yadda take a tsaye, sai dai an karkatar da ita an gyara kaurin kowane lanƙwasa da hannu, kamar yadda ake gani a reshen masu tsantsar kusurwa. Duka biyun karɓaɓɓu ne. Hanyar tantancewa mai sauƙi ita ce ka duba jerin fayilolin fon ɗin: idan babu fayil mai ɗauke da sunan Italic ko Oblique a matakin gwaɓin da kake so, to duk karkatar da ka gani manhaja ce ta ƙirƙira. Masu gina shafin intanet suna iya hana burauza yin wannan ƙirƙira da umarnin font-synthesis: none.

Haka hukuncin yake ga gwaɓin dole. Ƙara wa harafi kaurin layi a kewaye don ya yi nauyi yana cike ramuka, yana kuma dasashe kusurwar dunduniya, wadda ita ce kyan dangin. Idan Bold bai ishe ka ba, nemi fon mai matakin Black ko Heavy. Kada kuma ka matse rubutu ta gefe don ya shiga fili. A rage girma, ko a raba kalmomin layi biyu, ko a nemi fon da aka zana shi siriri tun asali.

Tazara tsakanin haruffa da layuka

Dunduniya tana cin fili. A haruffa irin su n, m, h, da A, K, R, dunduniyar wannan tana kusan taɓa ta wancan, yayin da a haɗuwa irin WA, TA, YA, da LA ake samun babban fili a sama ko a ƙasa. Karkata tana ƙara tsananta wannan. Kalmomin Hausa kuwa cike suke da irin waɗannan haɗuwa: WASA, TAYA, KAYA, RANA, AWARA.

Ka fara da tazarar da mai fon ya saka, sannan ka gyara da ido. A CorelDRAW, kayan aikin Shape yana ba ka damar kama harafi ɗaya ka matsar da shi. A Illustrator da Photoshop, sa alamar rubutu tsakanin haruffa biyu ka danna Alt tare da kibiyar hagu ko dama. Abin da ake nema shi ne farin filin da ke tsakanin kowane haruffa biyu ya yi kama da na sauran a ido, ko da ma'auni ya ce ba daidai suke ba. Dabarar da ta daɗe a wurin masu sana'a ita ce a duba haruffa uku-uku, a ga ko na tsakiya yana zaune a tsakiya da gaske. Wata kuma ita ce a juya rubutun ƙasa ya koma sama, domin idan ido ya daina karanta kalma sai ya fara ganin fili.

Idan dunduniya biyu sun kusa haɗuwa, zaɓi ɗaya: ko dai ka raba su sosai a ga farin tsakani, ko ka haɗe su gaba ɗaya da gangan. Siririn fili kamar gashi shi ne mafi muni, domin injin bugawa zai toshe shi a wani wuri ya bar shi a wani. Babban rubutu yana jure ɗan matsewa, amma ƙananan haruffa karkatattu ba sa son a buɗe su da yawa, saboda an zana su ne su riƙa bin juna.

Tazarar layi a kanu ta kan fi ta sakin layi matsewa. Idan duk manyan baƙaƙe ne, tazarar da ta yi daidai da girman harafin ko ta ɗan gaza shi ta wadatar. Idan akwai ƙananan baƙaƙe, a lura kada jelar g da y ta layin sama ta hau kan ƙugiyar ƙ ko ɗ ta layin ƙasa. Gefen hagu ma yana son gyara da ido: tun da haruffan sun jingina dama, layin da ya fara da W ko T zai yi kamar ya shige ciki, wanda ya fara da A kuma kamar ya fito waje.

Baƙaƙen Hausa masu ƙugiya

Yawancin fon ɗin talla an zana su ne don harsunan Turai, ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu. Idan harafin ba ya nan, manhaja ta kan ɗauko shi daga wani fon, sai ka ga siririyar ƙ a tsaye a tsakiyar kalma mai gwaɓi, ko kuma akwati babu komai. Wasu suna gudun wannan ta hanyar zubar da ƙugiyar, amma a babban allo kuskuren ma babba yake zama. Kafa daban, ƙafa daban, kuma mai sayar da ƙosai ko mai gyaran ƙofa ya cancanci a rubuta sana'arsa daidai.

Saboda haka kafin komai, gwada fon ɗin da layi irin wannan: Ƙaƙƙarfan Ɗaki, Ɓaɓɓake, ɗaɗɗaya, 'ya'ya, ƴaƴa, sana'a, ₦2,500. Layin ya ƙunshi manya da ƙanana, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, da 'y ta Najeriya, da alamar naira. Duba musamman inda ƙugiya biyu suke jere, ɗɗ da ƙƙ da ɓɓ, domin a karkatacce mai gwaɓi ƙugiyar farko tana iya cin karo da sandar na biyu.

Idan fon ɗin da ka zaɓa ba shi da su kuma kalmomin kaɗan ne, ana iya zana ƙugiyar da hannu. Mayar da rubutun zane, wato Ctrl+Q a CorelDRAW ko Ctrl+Shift+O a Illustrator. Kwafo kan ƙaramar f ta wannan fon ɗin, domin kaurinsa da karkatarsa sun riga sun dace, ka cire dunduniyar saman b ko d ko k, ka ɗora shi a wurin, ka haɗe. A ƙananan ɓ, ɗ da ƙ ƙugiyar tana lanƙwasa zuwa dama daga saman sanda. A manyan Ɓ da Ɗ tana gefen hagu, a Ƙ kuma tana kan hannun sama na dama. Ƙugiyar ta zama mai kauri yadda za a gan ta daga nesa. Don ƙananan bayanai na ƙasa, fon ɗin cibiyar SIL kamar Charis da Andika, da dangin Noto na Google, suna da baƙaƙen Hausa cikakku.

Alamar hamza ma tana da tarko. Idan kalma ta fara da ita, kamar 'yan ko 'ya'ya, manhaja ta kan juya ta ta koma alamar buɗe zance mai kama da 6. Wadda ake so ita ce mai kama da 9, a farko da tsakiya duka.

Abokin tafiya, launi da girma

Fon ɗaya mai ƙarfi ya isa fosta. Sauran bayanai a rubuta su da harafi mara dunduniya, a tsaye, mai matsakaicin kauri, kamar Franklin Gothic ko Open Sans, ko kuma da siririn matakin wannan fon ɗin a tsaye. Kada a haɗa shi da wani silab daban ko da rubutun ƙawa mai lanƙwashe-lanƙwashe, domin za su yi ta gasar neman ido.

Launi ya bambanta sosai da na bango: baƙi a kan rawaya, fari a kan shuɗi mai duhu, fari a kan ja. Ja a kan kore ko shuɗi a kan baƙi suna wahalar da ido. Inuwa da sheƙi da kewayen layi biyu ba su da amfani a nan, harafin ya riga ya yi nauyi da kansa. Idan dole ne rubutu ya hau hoto, a sa masa shimfiɗar launi ɗaya a ƙarƙashi. Farin rubutu a kan duhu yana son ɗan ƙarin tazara, saboda fari yana yin kamar ya kumbura a ido.

Game da girma, masu yin allunan talla suna da ƙa'idar da suke bi: kowane inci ɗaya na tsawon harafi yana karantuwa da kyau daga ƙafa 10, wato kusan santimita 2.5 ga kowace mita 3. Allon da ake so a karanta daga mita 30 yana buƙatar harafi mai tsawon kusan santimita 25. A tuna cewa poyin 72 ne inci ɗaya, amma tsawon babban baƙi bai kai cikakken adadin poyin ba, ya kan tsaya wajen kashi 70 cikin 100. Saboda haka a auna harafin kansa da ma'aunin da ke gefen manhaja.

Misali a aikace

A ce za ka yi fostar wasan ƙarshe na gasar ƙwallon unguwanni a takardar A3, mai faɗin milimita 297 da tsawon 420. Bar milimita 15 a kowane gefe. Kan fostar kalma biyu ne, WASAN ƘARSHE, a layi biyu. Kalmar da ta fi tsawo ita za ta yanke girman: ƙara ƘARSHE har ta cika faɗin, abin da zai kai ka wajen poyin 150 zuwa 170 gwargwadon fon. Tsawon harafin zai kai kusan santimita 4, wanda ke karantuwa da kyau daga mita 5. Matso da W da A, ka duba dunduniyar R da A kada su manne, ka tabbata ƙugiyar Ƙ ba ta taɓa layin sama ba. Sunayen ƙungiyoyin biyu su zo a ƙasa da harafi mara dunduniya, girmansu kamar sulusin na kan. Rana da lokaci da filin wasa su bi, ƙanana kuma a tsaye. Idan akwai kuɗin shiga, shi kaɗai za a iya sake ba karkataccen mai gwaɓi. Sauran filin a bar shi fari, kada a ji tsoron sa.

Kafin a kai wa mai bugawa

Ajiye kwafi ɗaya wanda rubutunsa yake gyaruwa, sannan ka mayar da duk rubutun zane a kwafin da za ka tura, don kada kwamfutar maɗaba'a ta musanya maka fon. Launuka su kasance a tsarin CMYK. Idan launin bango ya kai bakin takarda, ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Babban baƙin rubutu ya kan fito da ɗan toka-toka idan baƙar tawada kaɗai aka sa, don haka tambayi mai injin irin haɗin da yake amfani da shi don baƙi mai duhu, amma ƙananan rubutu a bar su da baƙar tawada zalla. Idan sitika za a yanka, a haɗe duk sassan da suka hau juna, in ba haka ba wuƙar injin za ta yanka tsakiyarsu. Duba lasisin fon ɗin ma, domin wasu na kyauta don amfanin kai ne kawai, ba don aikin kuɗi ba.

Daga ƙarshe, buga samfuri a ƙaramar takarda, ka manna a bango, ka ja da baya, ka sa wani wanda bai ga aikin ba ya karanta maka da ƙarfi. Idan ya yi tuntuɓe a wata kalma ko ya karanta ƙ a matsayin k, koma ka gyara kafin a buga ɗari biyar.